Mamman Bayan-Hannu da Akwatin Wasan Hajiya Azumi

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Mamman a Zongon nan ya san inda zan fara. Hannun hagu cikin aljihu, kullum! Kai ka miƙa masa hannu biyu da ladabinka, shi ya miƙo maka ɗaya, kuma kafin ya kama naka sai ya ɗan taɓa ka da bayan hannu, kamar mai duba zazzaɓin jinjiri. Ƙofar masallaci, bayan hannu. Butar shayi, bayan hannu. Ranar da muka raka shi ɗakin amaryarsa, wallahi ina tsaye, sai da ya taɓa gadon ƙarfen nan da bayan hannu kafin ya yarda ya zauna. Ƙawayen amarya suka kwashe da dariya, sunan kuma ya manne masa har kabari: Mamman Bayan-Hannu.

In ka tambaye shi dalili, ka jawo wa kanka karatu. "Wuta in ta kama ka ta tafin hannu, hannun damƙewa yake yi, ka riƙe ajalinka da kanka. In ta bayan hannu ce, wurgar da kai za ta yi. To, gara a wurgar da kai." Na hagun fa da ke cikin aljihu? "Hannu biyu hanya ce, zuciya tana tsakiyar hanyar." Wani dattijo baƙo daga Nijar ya taɓa jin haushin gaisuwar nan, ya ce masa, "Kai, me ka ɓoye a aljihun nan da ya fi ƙarfin gaisuwa?" Mamman ya ce, "Raina ne, Baba. Shi kaɗai gare ni."

Ni Sule taubashinsa ne, uwata ƙanwar mahaifinsa ce, don haka ba wanda zai hana ni faɗin abin da na ga dama a kansa. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana. Amma in za a bi gaskiya ni na yi bautar, don babur ɗina na haya, zem ɗin da nake ci da iyali da shi, rabin rayuwarsa Mamman ya yi ta ɗauka, shi da buhun wayoyinsa.

Gyaran rediyo da talabijin yake yi a 'yar rumfarsa ta bakin titi, har ranar da Hajiya Azumi mai atamfa ta sayo akwatin wasa a wurin masu kayan gwanjo na unguwar Adakpamé. Kun tuna shi, dogon akwatin katako mai tsawon mutum, da talabijin a ciki, da 'yan sanduna da maɓallai a gaba, da ƙofar ƙarfe inda ake jefa ƙwandalar wasa. Ta ajiye shi a shagon da ke ƙofar gidanta. Kai! Zongo ta tashi! Yara da samari har da masu gemu, layi har bakin kwata.

Matsalar ɗaya ce: akwatin yana cizo. Ka taɓa ƙofar ƙarfen nan, zirrr, har gwiwar hannu. Kuna tsammani an daina wasa? Ina! Wasu suka riƙa sa safa a hannu. Wasu suka mai da abin gasa, a ga wanda zai fi daɗewa riƙe da ƙarfen. Da labari ya kai kunnen Hajiya, ta aika a kira Mamman. Ni na kawo shi.

Ya zagaya akwatin, ya kai bayan hannu, ya yi tsalle baya kamar wanda kunama ta harba. Ya duƙa ya leƙa ciki, ya ɗago da fuska a murtuke.

"Hajiya, babu masa."

Hajiya ta dube shi, ta dube ni. "Masa? Da tsakar ranar nan? To, ai sai ka faɗa tun farko ba ka karya ba." Nan take ta aika wurin Inna Ladi mai tuyar masa, aka kawo masa cike da kwano, da miyarta da yajinta.

Kun san me Mamman ya yi? Ya wanke hannu, ya zauna, ya tashi da kwanon nan tas, ko tayi bai yi mini ba. Sai da ya suɗe yatsu ya yi hamdala, sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya. Amma masar da nake nufi ta Faransanci ce, wayar da ake kaiwa ƙasa."

Hajiya ta ce, "Ja'iri! Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Kin taɓa ganin an yi wa arziki gyaran magana?"

Washegari ya zo da dogon ƙarfe, ya haƙa rami a bayan shagon, ya kafa shi, ya zuba gawayi, ya shiga madafin Hajiya ya kwashe gishirinta ƙaf ya juye, ya bi da ruwa. Ya ɗaura wa ƙarfen waya mai kauri, ya kai ta cikin akwatin, ya haɗa ta da duk wani ƙarfe da hannun mutum zai iya taɓawa. Cizo ya ɗauke. Amma ku dubi abin da idon unguwa ya gani: mutum ya binne gawayi da gishiri a bayan shago, kuma in rani ya yi, kowace safiya ya zo da buta yana ba ƙarfe ruwa kamar mai renon dashen mangwaro. Kafin ka ce me, magana ta zagaya cewa Hajiya ta sa an binne mata asirin jawo yara.

Har na'ibin liman sai da ya zo da kansa, da carbi a hannu. "Malam Mamman, me ake shayarwa a nan?"

"Hanyar gudu na yi wa wuta, Malam. In ta ɓace hanya, maimakon ta bi ta jikin ɗan wani, sai ta bi nan ta shige ƙasa. Ruwan kuma don ƙasar ta yi laushi ta karɓe ta."

Na'ibi ya shafa gemu, ya waiga ko akwai mai ji, sannan ya rage murya. "To, in ka gama, ka biyo masallaci da irin ƙarfen nan. Abin maganar nan ya daɗe yana cizon leɓena in ina kiran salla, ni kuwa na ɗauka jarrabawa ce."

Ana nan, yara suka ƙoshi da wasa ɗaya. Hajiya, 'yar kasuwa ce ta gaske, ta koma wurin masu gwanjo ta sayo ƙarin alluna uku. Allo shi ne koren faifan nan mai ƙananan ƙarafa, wanda wasan ke cikinsa. Ga na faɗa da aka fara da shi, ga na ƙwallo, ga na jirgin yaƙi, ga na wani ɗan guntun mutum mai tsalle-tsalle. Mai sayarwa ya ce mata abu ne mai sauƙi, a murɗe wayoyinsu wuri ɗaya a jona da na'urar da ke ba su wuta. Ita wannan na'urar Mamman tukunya yake ce mata, don ita ke ciyar da allo.

Da Hajiya ta faɗa masa, sai ya juyo wurina. "Sule bawana, mutum nawa zem ɗinka ke ɗauka?"

Na ce, "Ɗaya. In 'yan sanda ba sa kallo, biyu."

"Huɗu fa?"

"Na taɓa ɗaukar uku da tunkiya."

"Kun isa?"

"Mun isa cikin kwata."

"To, Hajiya, kin ji da kunnenki. Ita tukunyar nan in an ɗora mata allo huɗu lokaci ɗaya, ba kwata take faɗawa ba, zafi za ta yi ta kama da wuta. Shagonki kuwa katako ne, ƙofa ɗaya, cike da 'ya'yan mutane."

Ya ce zai sa wasa huɗun a akwati ɗaya, amma da sharaɗinsa. Makunni mai juyawa, in an kunna allo ɗaya sauran uku su yi azumi. Kowane allo da fizibul ɗinsa, wato 'yar kwalbar nan mai zare kamar gashi da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Waya mai kauri, don siririya zafi take yi, kuma ta bar allo da yunwa. Sannan a fasa ƙofa ta biyu a bayan shago. Hajiya ta yi tsalle ta dire a kan maganar ƙofa. Ta ce gyaran akwati ta kira shi, ba ginin gida ba. Mamman ya tattara kayansa ya sa a buhu, ya ce in tayar da babur. Ba mu kai kan kwana ba ta aiko a ce kafinta yana hanya.

Ku da kuka san shi kun san rowar Mamman. Silifa ɗinsa da guntun waya yake ɗaure. Ashana ɗaya sai ya tsaga ta biyu. Amma a kai shi gaban mai sayar da waya, sai ka rantse attajiri ne. Ya fere da wuƙa, ya ɗaga wa rana, ya ɗan ciza, a tabbatar jan ƙarfe ne na gaske ba fenti ba. Kuma launi doka ne: ja na wuta mai ƙarfin volt biyar, rawaya na mai sha biyu, baƙi na masa.

To, ranar sai aka rasa rawaya mai kauri. Muka je Adakpamé wurin Fo Kossi, mutumin kirki, abokin cinikinsa na shekaru. Ya zazzage shagonsa, ya fito da shuɗiya mai kyau, kauri daidai. Mamman ya girgiza kai.

Fo Kossi ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Mamman, kai ma! Wuta ta san launi ne?"

"Ita ba ta sani ba. Amma wanda zai buɗe akwatin nan bayan ba ni, shi yana da ido. In ya ga shuɗi, me zai ce? Ya yi canke, ya ɗora sha biyu inda biyar take, allo ya tashi hayaƙi, ya zage ni ina kwance ba ni da bakin ramawa."

Muka hau babur. Babbar kasuwa, babu. Nyékonakpoè, shago bayan shago, babu. Rana ta dafa ni, ƙishirwa ta kama ni, shi kuwa yana bayana yana waƙa. Sai da la'asar ta yi sanyi, muna komawa gida a galabaice, ya buga mini kafaɗa ya ce in tsaya. Wani mai gyaran wutar mota ne a Agoè, rawayar waya na reto a ƙofar garejinsa. Jama'a, garejin nan bayan gidana yake! Daga ɗakina ina jin guduma tasu!

Na ce, "Allah ya isa man feturina!"

Ya ce, "Ka gode Allah, yau ka san unguwarku."

Aikin kuwa ya yi shi kamar mai ɗinkin rigar sarki. Kafin ya sa hannu kusa da talabijin ɗin ciki sai ya sauke masa wutar da ya ɓoye, don ya ce ko an cire shi daga soket mai riƙo ne, ba ya yafiya. Ya jera wayoyi, ya ɗaure su tsaf, baƙaƙen duka suka haɗu wuri ɗaya. Sannan ya ɗora ma'auninsa a bakin kowane allo, yana murɗa ɗan maɓallin tukunya a hankali, ido a kan allura kamar mai neman watan Salla. Na leƙa na ce, "Ai ta kai biyar, har da ɗan ɗoriya." Ya ce, "Tumatir nake saye da za a yi mini gyara? Biyar ita ce biyar." Da ya juya makunnin nan, faɗa ya ɓace ƙwallo ta fito, ya sake juyawa jirgi ya fito, ihun da aka yi sai da awakin maƙwabta suka tsinke igiya.

Akwai wani saurayi mai wayon tsiya da ya taɓa cewa a gabansa, in fizibul ya tsinke ai ba sai an jira kowa ba, a naɗe shi da takardar taba mai ƙyalli a ci gaba da wasa. Mamman ya cire silifa ya bi shi har bakin titi. Mun yi dariya ranar. Damina ce ta hana mu dariyar.

Kun san ruwan Zongo in ya tashi. Wata rana bayan azahar aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Yara suka cika shagon suna fakewa, ƙasa ta jiƙe, yawancinsu ba takalmi. Ashe kwanon rufin ya yoye, ruwa ya bi azara ya sauka daidai inda babbar waya ke shiga akwatin, wuta ta tsallaka kan ƙarfen gaba. Nasiru, jikan Hajiya, shi ke wasa, hannunsa biyu a kan ƙarfen, ƙafarsa cikin ruwa. Sai aka ji tas! Akwatin ya mutu. Yara suka hau tsaki, wasa ya lalace.

Mamman ya iso a guje, jiƙe sharkaf, silifa ɗaya ta tafi da ruwa. Ya kori kowa waje, ya kashe wutar shagon gaba ɗaya, ya buɗe bayan akwatin. Da ya ga baƙin tabon da wuta ta yi a kan ƙarfe, sai ya zauna daɓas a cikin ruwan. Wutar ta bi wayar ƙasa ta gudu, fizibul ya tsinke ya rufe mata ƙofa. Ya kira Nasiru, ya dafa kansa da tafin hannu. Hajiya da ta gane abin da ya kusa faruwa, sai ta ɗora hannu a ka tana salati.

Can sai ya zabura, ya ciro 'yar kwalbar nan da ta yi baƙi, ya ɗaga sama, ya fita cikin ruwan yana nuna wa duk wanda ya gani. "Ku zo ku ga namiji! Ku zo ku ga wanda ya mutu a bakin aiki!" Har gidan mai unguwa ya kai shi. Daga baya ya sa shi cikin gwangwanin madara inda yake tara irinsu, yana ce musu sojojinsa. Matarsa ta taɓa zubar da gwangwanin a shara, ya yi yaji zuwa rumfarsa, sai da ta tono shi ta wanke ta kai masa.

Tun daga ranar, in Mamman ya ce a tashi, tashi ake yi. Shi ya jawo abin da ya faru da Babbar Salla.

Samarin Adakpamé suka aiko da ƙalubale a wasan ƙwallo. Aka yi ta fafatawa tun bayan saukowa daga idi, har aka zo karon ƙarshe: Basiru namu, wanda ake ce wa Kapiten, da wani dogo nasu mai suna Yawo. Shago ya cika maƙil, wasu a taga, wasu a kan kafaɗun wasu, kowa da sabon ɗinki. Hajiya da kanta ta baro girki ta zo ta tsaya a ƙofa tana cewa, "Basiru, kada ka ba mu kunya!" An yi kunnen doki, lokaci ya kusa ƙarewa, sai aka ba mu bugun fenariti. Wayyo! Shagon ya yi tsit. Basiru ya goge hannu a riga, ya yi bismilla, ya danna. Ƙwallo ta tashi.

Mamman yana inda ya saba zama, a kan ɗan benci bayan akwatin, hanci a bakin ramin iska. Sai muka ji ya kurma ihu, "Ƙauri! Ƙauri! Kowa waje!" Ya fizge waya daga soket. Allo ya yi baƙi, ƙwallo tana sama!

Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Ƙofar gaba, ƙofar baya, duka suka yi aiki. Ni ta taga na fita, sabuwar shaddata ta tsage tun daga wuya har ƙasa. Huluna da takalma kamar an watsa kasuwa. Muka tsaya daga nesa muna jiran hayaƙi. Mamman shi kaɗai a ciki, ya buɗe akwatin, ya shinshina tukunya, ya shinshina alluna ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa wayoyi. Sanyi ƙalau. Ya fito yana bin iska da hanci, ya wuce mu, ya shiga zauren Hajiya, muna biye, har madafi. Ga tukunyar shinkafar Salla tana ta hayaƙi, ta ƙone ƙurmus.

Basiru ya faɗi ƙasa yana birgima a gaban Mamman, wanda yara ke ce wa Tonton, wato kawu. "Tonton, ka kashe ni! Ƙwallon nan ciki za ta! Wallahi ciki za ta!"

Yawo ya ce, "Ƙarya ne, golana ya riga ya tashi!"

Hajiya kuwa ba ta san wanda za ta fara zagi ba, Mamman ko kanta.

Shi ko gezau. Ya dubi taron nan ya ce, "Tambaya ɗaya. Wani abu ya ƙone ko bai ƙone ba?"

Aka ce, "Ya ƙone."

"To, hancina ya yi aikinsa. Hajiya, kada a zubar da ƙanzon nan."

Ya nemi cokali ya zauna. Har yau ba a san wanda ya ci gasar ba. Basiru yanzu babban mutum ne, yana fitar da kaya a tashar jirgin ruwa, furfura ta fara masa, amma ka tare shi ka ce "fenariti", ka ga yadda jijiyar wuyansa za ta tashi.

Da wayoyin hannu suka zo, layin ƙofar Hajiya ya yi ta raguwa har ya ƙare. Mamman bai yi ƙorafi ba, ya koma kan fanka da firji. Ciwo ya kwantar da shi a daminar bara. Wata Juma'a bayan masallaci su Basiru da Nasiru suka zo duba shi, har da Yawo daga Adakpamé, manya-manyan mutane suka cika ɗan ɗakinsa. Ana hira sai Nasiru ya ce, "Tonton, a cikin wasannin nan huɗu wanne ka fi so?"

Ya ce, "Ina na sani? Ban taɓa yi ba."

Muka ɗauka wasa yake. Ashe gaskiya ce. Duk shekarun nan bayan akwatin ya sani, bai taɓa tsayawa a gabansa ya kama sandar ba. Ya ce, "In ni ma na tsaya kallo, wa zai kula da ku?"

Basiru ya ciro wayarsa, ya buɗe wasan ƙwallo, ya sa masa a hannu, ya nuna masa inda zai danna. Kafin ya gane wane ne nasa, an zura masa ƙwallo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ashe abin da kuke wa ihu ke nan!" Sai ya juya wayar, yana shafa bayanta da ɗan yatsa yana neman inda ake kwancewa. Bai samu ba. Ya miƙa wa Basiru abinsa, ya ce, "Abin da ba a buɗewa, ban yarda da shi ba. Kada ka kwana da shi a ƙarƙashin filo."

Bai ƙara wata Juma'ar ba.

Ya Allah, ga bawanka Mamman ya zo gare ka. Mun shaida ya yi rayuwarsa yana tsare 'ya'yan mutane daga wutar duniya, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa yadda ya kamata. Ka tsare shi daga wutar lahira. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.